Yadda Na Bi 'Yan Ayari Zuwa Gaɓar Hagu

Da sunan Allah wanda ya ɗaga sama bai sa mata ginshiƙi ba, ya shimfiɗa teku bai yi mata murfi ba, ya saki iska bai ɗaura mata linzami ba. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ce Kuluwa, matar masunci a Tungar Farin Yashi, can ƙasar Barmandu, inda tudu ya ƙare Bahar Shuni ta fara. Karatuna bai yi nisa ba. In kun ga harafi ya karkace ku yi mini uzuri, da hagu nake rubutu, kuma hagun nan ita ce tushen labarin.

A garinmu kowane kwalekwale yana da zanen iska, wato babban ƙyallen da iska ke turawa jirgi ya tafi, kuma matar mai jirgi ce ke ɗinka shi. Tun kaka da kakanni zanen dama yake karkata. Saboda haka duk jirgin da guguwa ta ƙwace, ko shi ko tarkacensa, wuri ɗaya yake fita, Gaɓar Tsintuwa, gabas da gari. Can ake zuwa jira. In kwana arba'in ya cika ba a ga mutum ba, bayan la'asar Sarkin Ruwa zai karya filafilin tuƙin da kowane magidanci ke ratayewa a ƙofar ɗakinsa. Daga ranar ya mutu. Ko da ya dawo da ƙafarsa ba mai amsa sallamarsa, sai a ce teku ce ta ari fuskarsa. Ina ƙarama na ga wani da ya dawo a kwana na arba'in da uku. Ya zauna bakin rijiya yana kiran 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, suna wucewa da tulunansu.

Watanmu bakwai da aure na ɗinka wa maigidana zane. A ɓoye na ɗinka, a ƙuryar ɗaki, don kada surukata Inna ta ga allura a hannun hagu. Da ya kafa, sai zanen ya karkata hagu. Na fashe da kuka. Shi kuwa dariya ya yi ta yi har da riƙe ciki.

Ya ce, “Bar shi, Kulu. Wa ya gaya wa iska dama da hagu? Sai in riƙa naɗe shi kafin in shigo gaɓa, Inna ba za ta gani ba.”

Sunansa ba zai fito a takardar nan ba. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, kun sani. Inna ma ba ta faɗa, don ɗan farinta ne.

Ranar wata Laraba guguwa ta tashi da jirage shida. Biyar suka fita a Gaɓar Tsintuwa, uku da mutanensu, biyu babu. Nasa shiru. Ni da Inna muka kafa bukka a gaɓar muna jira. Mutane suna kallon teku, ni ina kallon ƙasa, don ban iya ɗaga ido cikin taro ba. To a ƙasan ne na ga abin.

Wasu 'yan halittu ne shuɗɗa kamar an tsoma su a rini, kowanne bai fi murfin ƙaramin ƙoƙo ba, sun cika yashi dubbai. Mutanenmu suna ce musu 'ya'yan majinar teku, majinar teku kuwa wata halitta ce mai yauƙi da ke harbi, don haka ba mai taɓa su, ba mai ko tsayawa kallonsu. Ranar kwana na tara na tsuguna na juya ɗaya da tsinke. A bayansa akwai wani ɗan tsayayyen abu kamar farce, garai-garai, a karkace. Zanen iska ne. Na duba na biyu, na duba na ɗari, na bi gaɓar har ƙafata ta yi ƙuna. Kowanne dama ya karkata, kamar jiragen garinmu. Na ce a raina, in masu karkata dama nan suke fita, to mai karkata hagu ina ya nufa?

Kwana biyu maganar tana maƙogwarona. A na uku na durƙusa gaban Sarkin Ruwa, dattawa na zaune, Inna na gefe.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba nan zai fita ba.”

Ya ce, “Ɗaga murya, 'yar nan, ba da tururuwa kike magana ba.”

Na faɗi komai, har da allurar. Na buɗe ganyen da na naɗo shuɗin abin a ciki. Wani dattijo ya ja da baya yana toshe hanci.

Sarkin Ruwa ya ce, “Shekara hamsin ina kan ruwa, yau majina za ta koya mini hanya? Teku ƙofa ɗaya take amai. Koma ki zauna kusa da surukarki.”

Muka koma bukka ni da Inna. Ta ce, “Da hagu kika ɗinka wa yaron nan zane?” Na ce i. Ta juya mini baya, ta fuskanci bango. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari da hantsi, kwana na goma sha biyu, na tura ɗan kwalekwalen da mata ke kamun ƙaguwa da shi. Goran ruwa biyu, busasshen kifi, filafili ɗaya. Ban taɓa wuce inda ake hango gari ba. Na nufi yamma ina tuƙi ina kuka.

A kwana na uku da fitata ruwan ya yi kauri. Na leƙa, na ga majinar teku ta gaske, wata kamar faifai, wata kamar jinkar rumbu, sun rufe ruwa iya ganina, igiyoyinsu na lilo a ƙasa. Na tsoma filafili, igiyoyin suka nannaɗe shi suka hau hannuna na dama. Wuta! Na saki filafilin, gora ɗaya ya bi shi. Hannun ya kumbura har hammata. Jirgi ya tsaya cak a tsakiyarsu, duk abin da na tsoma sai su kama. Na kwanta a cikin jirgin na ce shi ke nan, za a karya filafili ɗaya, Inna ta rasa mutum biyu.

Ina kwance kaina a gefen jirgi sai ga 'yan shuɗɗan nan suna wucewa a kan majinar, salin-alin, ba abin da ya kama su. Ba su tsoma komai can ƙasa ba, iska kawai suka ba baya. Na duba gabas na duba yamma, ba kowa sai Allah. Na cire mayafina, na taka gefe ɗaya da ƙafa, na ɗaga ɗayan da hannun hagu, na karkata jikina yadda suka karkata. Iska ta cika mayafin. Jirgi ya motsa. Tun azahar nake tsaye kamar turke har rana ta yi ja, kafaɗata kamar za ta cire, sannan ruwan ya koma ruwa.

Kwana uku bayan haka goran da ya rage ya ƙare. Harshena ya zama kamar ɓawon itace. Ina jin muryoyi na ɗauka mutuwa ce, ashe faɗa ake yi.

“Na ce maka hagu, makahon banza, hagu!”

“Jiya ma hagu kika ce, gurguwa mai bakin aska, ga mu nan inda muka baro shekaranjiya!”

Wani gado ne na gora da manyan duma a ɗaure yana yawo a kan ruwa, da 'yar rumfa a kai. Tsoho ƙaƙƙarfa yana tuƙi, tsohuwa na zaune a kan turmi. Na ɗaga mayafi ba su gani ba. Sai da jirgina ya bugi nasu.

Tsohuwar ta ce, “Wane ne? In aljani ne ka yi haƙuri, ba mu da komai sai wannan tsohon, kuma ba ya ciyuwa.”

Suka ja ni, suka ɗiga mini ruwan sama da suka tara a tulu, ta shafa mini toka da man kifi a hannu. Sunanta Goggo Tabawa, ƙafafunta sun shanye tun tana yarinya, yanar ido kuma ta rufe mata gani, ba ta ganin abin da ya wuce tsawon hannu. Mijinta Baba Shekarau makaho ne tun haihuwa. Su uku ne da, da ƙanwarta mai duba musu hanya. Ta rasu kwana ashirin da suka wuce, tun ranar suke zagaye wuri ɗaya.

Na ba su labarina. Da na zo kan 'ya'yan majina sai Goggo ta buga cinya.

“Majina? Wane jahilin ya ce majina? Shekarau, ɗebo mini ɗaya.”

Ya kamfato da ƙoƙo. Ta kifa shi a ƙwarya ta kawo dab da hancinta, ta jawo kaina.

“Duba da kyau, amarya. Majina ita kaɗai ce, ciki ɗaya, mugunta ɗaya. Wannan kuwa gida guda ne. Kin ga na tsakiya mai ƙaton baki? Shi ke ci wa kowa. Waɗannan na gefe masu kamar gashi su ke farauta, ba sa haɗiyar komai. Waɗancan su ke haihuwa. Na sama su suka zama jirgi da zane. Ki cire ɗaya ki ajiye shi kaɗai, kafin azahar ya mutu. Mu 'yan ayari muke ce musu.”

Baba ya ce, “Na tsakiyar nan mai ƙaton baki, kin gane shi ai.”

“Rufe mana baki. Amarya, idonki na gani nesa?”

Na ce yana gani.

Ta ce, “To mun samu ido. Shi hannu, ni baki. Kai mu inda za ki, in ya so mu mutu a wani wuri dabam, na gaji da wannan.”

Haka muka tafi. Ni in hango, in raɗa wa Goggo don ban iya ɗaga wa Baba murya ba, ita ta kwartsa masa, shi ya tuƙa. Muka wuce wasu duwatsu da ke numfashi, masu tsotse ruwa su feso shi sama. Na lura tsuntsaye na tashi daga kansu kafin kowace fesowa, da haka muka ratsa tsakaninsu. Kowace safiya ina ƙulla ƙulli a bakin mayafina, ina ƙirga kwanakin tun daga ranar guguwa. Ƙulli ashirin. Ashirin da biyar. Ban san ko hanya muke bi ko ɓata ba, kuma ban gaya musu ban sani ba.

A ƙulli na ashirin da bakwai teku ta zama shuɗiya shar tun daga gabanmu har inda sama ta taɓa ruwa. 'Yan ayari ne, ba su ƙirguwa. Iska ɗaya ke tura su, amma ina kallo suna rabuwa biyu kamar tsagar kitso, rabi na gangarawa gabas, rabi yamma. Na kamfato ɗaya daga na yamma. Hagu ya karkata. Ban san lokacin da na yi ihu ba.

Baba ya ce, “Ashe tana da murya.”

Muka bi su kwana shida. Ruwan tulu ya koma rabi, ya koma kwata. A ƙulli na talatin da uku muka ga gaɓa, fara fat da busassun 'yan ayari, ƙafa na nutsewa a cikinsu har idon sawu suna ƙara kamar ƙaiƙayi. Ga tarkacen jirage. Na hango wani kwalekwale a kife rabi, zanensa a naɗe. Na san ɗinkina tun daga nesa.

Akwai marmaro a gindin dutse, ruwa garai-garai. Baba ya ji ƙararsa ya nufe shi da rarrafe. Na riƙe rigarsa, ni da ban taɓa riƙe rigar babba ba. Mutane ne zaune kewaye da marmaron, sun kai ashirin, gemu har ƙirji, tufafi sun ruɓe a jikinsu. Ba mai magana. Ɗaya ya ɗebi ruwan ya sha ya koma ya zauna, idonsa kamar na kifi a kasuwa.

Goggo, da Baba ya goyo, ta ce, “Na taɓa jin labarinsa. Ruwan mantuwa ne. Wanda ya sha ba ya tashi sai an kira shi da sunansa. Kada wanda ya taɓa.”

Maigidana yana can ƙarshen layi. Ya rame, leɓensa ya tsage. Na durƙusa gabansa na ce, “Sannu.” Na ce, “Maigida.” Na ce, “Ɗan Inna, ni ce Kulu.” Ya dube ni kamar yadda ake duban bango.

Goggo ta ce, “Kira sunansa mana!”

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Wallahi na yi ƙoƙari. Na tsallake majina, na tsallake ƙishirwa, amma wannan ya tsaya mini a wuya kamar ƙaya.

Na ce, “Goggo, ki kira mini. Sunan da ake sa wa yaron da aka haifa damina na zuba ne.”

Ta gane. Ta kwartsa shi sau bakwai har dutse na amsawa. Ko gezau. Ta bi sauran mutanen da duk sunan da ta sani a duniya, tun hantsi har muryarta ta dushe. Ba wanda ya motsa.

Ta ce da ƙyar, “Bakin aro ba ya yi. Sai wanda ya san muryarsa.”

Muka kwana biyu a haka. Ina zaune gabansa ina motsa leɓe, ina ganinsa yana tashi yana shan ruwan nan, ƙishirwa na cin mu muna jin ƙarar marmaro. A safiyar ƙulli na talatin da biyar Baba ya ɗaga fuska ya shaƙi iska.

Ya ce, “Ta juya. Iskar komawa ce, kwana biyar take yi a shekara. In ba mu tashi kafin azahar ba, sai baɗi.”

Daidai nan maigidana ya miƙe zai koma marmaro. Na tuna mutumin bakin rijiya da 'ya'yansa. Na sha gabansa, na rufe idona, na kira shi. Na farko raɗa ce. Na biyu ya fito kamar kukan akuya. Na uku kuwa, har tsuntsaye suka tashi daga kan dutse.

Sai na ji an ce, “Kulu? Ke ce kika faɗi sunana gatsal haka? Ina mayafinki?”

Na zube a ƙasa.

Muka tayar da kwalekwalensa, muka bar gadon gora. Sauran mutanen na jawo hannun biyu daga cikinsu, suka fizge suka koma wurin zamansu. Na ƙirga su, goma sha tara. Na kalli fuskar kowanne da kyau, na adana.

Na ce a kwance zanen in sake ɗinki ya karkata dama. Baba ya ce, “Kul! Zanen da ya kawo shi da waccan iskar, shi zai mai da shi da wannan. Taɓa shi ki kai mu wata duniyar.”

Kwana biyar, mutum huɗu, ruwa bai kai ludayi goma ba. Ƙyalle muke tsomawa muna tsotsa. A na huɗu Goggo ta daina magana, sai Baba ya riƙa tsokanarta yana kuka, “Gurguwa, zage ni mana, ko sau ɗaya.” A na biyar, ƙulli na arba'in, na hango bishiyoyin garinmu rana ta riga ta karkata. Maigidana da Baba suna tuƙi da katako da tafin hannu, ni ina tsaye da mayafi ina ƙara wa zane, ina kallon inuwa tana tsawo.

Mun taho ta yamma, inda ba mai duba. Taro na can ƙofar ɗakinmu, an idar da la'asar. Muka kutsa da gudu da rarrafe, Baba na goye da Goggo. Sarkin Ruwa na tsaye da gatari. Filafilin na ƙasa, Inna na kwance a kansa rub da ciki, ta ƙanƙame shi, mata uku na jan ta.

Tana cewa, “La'asar ɗinku ta yi, tawa ba ta yi ba! Ban yi salla ba tukuna! Yarinyar ta ce ba nan zai fita ba!”

Maigidana ya ce, “Salamu alaikum.”

Ba wanda ya amsa. Kowa ya dubi filafilin. Sarkin Ruwa ya sunkuya ya shafa shi tun daga kai har gindi, ya ga ko tsagewa babu. Ya ajiye gatarin.

Ya ce, “Wa alaikumus salam.”

Da aka ba Goggo ruwa ta farfaɗo, abin da ta fara yi shi ne tona mini asiri. Inna ta tambaya yaya aka yi ya tashi, Goggo ta ce, “Sunansa ta kira! Sau uku, a gabana, har tsuntsaye suka watse!” Mata suka kama baki, samari suka fashe da dariya, na cusa kaina cikin gwiwa ina fatan ƙasa ta tsage. Inna ta matso kusa da ni. Can ta kamo hannuna na hagu ta riƙe.

Ta ce, “Gara da ke kika je. Da ni ce, da har yanzu yana can.”

Goggo da Baba suna zauren gidanmu yanzu, suna faɗansu. Maigidana kullum sai ya ce wai bai ji da kyau ba ranar, in maimaita. Ban maimaita ba.

Ga dalilin rubutun. Mutum goma sha tara suna zaune a Gaɓar Hagu. Akwai mai tabo a gira, akwai mai yatsa shida, akwai dogo mai zoben tagulla a kunne ɗaya, sauran ma ina riƙe da kamanninsu. Na san a wani gari akwai wata bahaguwa irina da ta ɗinka zane a ɓoye ta yi shiru. In takardar nan ta iso gare ki, ko filafilin mijinki ya karye ki zo, karɓarsa a gari ma yi wannan faɗan daga baya. Za mu tashi wata guda kafin iskar komawa, na ɗinka zanen, hagu ya karkata. Ki taho da goran ruwa babba. Kada ki aiko kowa, ki zo da bakinki.

Allah ya mai da kowane matafiyi ƙofar ɗakinsa kafin la'asar.